Allon Kwamfuta Jiyau Ne, Ba Ganau Ba

Na karanta maƙalar da wani marubuci ya yi kwanan baya kan yadda jikokin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Amurka ke neman kakanninsu a kundayen fasinjojin jiragen ruwa da aka zuba a intanet. Maƙala ce mai daɗin karatu, kuma mai ita ya san abin da yake faɗa a wurare da dama. Sai dai ya rufe ta da hukuncin da ya ƙi wuce mini a wuya. A ganinsa, tunda yau mutum zai zauna a ɗakinsa ya buga sunan kakansa ya ga ranar da ya sauka da jirgin da ya kawo shi, to an gama da zamanin "an ce, an ce". Labarin da tsofaffi ke bayarwa a gida sai a ɗora shi a kan kundin: in ya dace a karɓa, in kuwa sunan bai fito ba, tatsuniya ce. Hujjarsa ita ce gani ya kori ji.

Bari in fara da ba Malam marubucin haƙƙinsa. Akwai labarin da ya zama ruwan dare a gidajen Amurkawa, wai kakansu ya iso tsibirin Ellis na Niyok, inda ake tantance baƙi, da dogon suna, jami'i ya kasa furtawa, sai ya yanke masa gajere nan take. Fim ɗin The Godfather kashi na biyu ma ya ƙara wa zancen gishiri. Malam ya ce ba haka abin yake ba, kuma gaskiyarsa. Jerin sunayen tun daga tashar da jirgi ya taso ake cika shi. Aikin jami'an tsibirin su duba abin da aka riga aka rubuta su yi tambayoyi, ga kuma tafintoci a gefensu. Fiorello La Guardia, wanda daga baya ya zama magajin garin Niyok, tafinta ne a can daga 1907 zuwa 1910. Waɗanda suka sauya suna da kansu suka sauya bayan sun shiga gari, don neman aiki ko don gudun tsangwama. A nan takarda ta gyara labarin baka, ban da ja.

Haka kuma ba mai raina girman aikin da aka yi. Daga 1892 zuwa 1954 kimanin mutum miliyan 12 ne suka bi ta Ellis. A ranar 17 ga Afrilun 1907 kaɗai an tantance mutum 11,747. Da aka buɗe rumbun sunayen a intanet a Afrilun 2001, da bayanan mutum kimanin miliyan 22 da suka shigo ta tashar Niyok baki ɗaya a shekarun 1892 zuwa 1924, abin da a da sai an yi tattaki zuwa ɗakin adana tarihi an shafe kwanaki ana murza fim ya dawo aikin minti biyar. Alheri ne babba.

Inda muka raba hanya shi ne karin maganar da ya jingina da ita. Gani yana korar ji ne idan mai ba da shaidar ganau ne. Abin da ke bayyana a allon kwamfuta kuwa jiyau ne, jiyau ɗin ma na nesa, wanda ya ji daga wanda ya ji.

A bi sawun suna guda a gani. Manomi ne daga wani ƙauye a kudancin Italiya ko gabashin Turai, mai yiwuwa bai iya rubuta sunansa ba. Ya faɗa wa dillalin tikiti. A tashar Naples ko Hamburg ko Liverpool, akawun kamfanin jirgi, wanda sau da yawa ba ya jin harshen manomin, ya kwafe sunan da hannu a kan doguwar takarda mai ɗaukar mutum 30. A shekarun 1940 hukumar shige da fice ta ɗauki hoton mafi yawan kundayen zamanin Ellis a ƙaramin fim, sannan aka lalata takardun asali. Shafin da hotonsa ya fita dishi-dishi, ko gefensa ya yanke, haka zai zauna har abada, don babu inda za a koma a duba. Bayan rabin ƙarni sai 'yan sa-kai kimanin 12,000 na cocin Mormon suka zauna gaban wannan fim suna karanta rubutun akawun da ya daɗe da rasuwa, suna bugawa a kwamfuta, sunayen harsunan da yawancinsu ba sa ji. Allah ya saka musu, amma idon mutum ido ne. Harafi ɗaya na farko ya rikiɗe, sunan ya faɗa wani lungu na rumbun da ba wanda zai leƙa. Abin ya kai har Stephen Morse, injiniyan da ya zana ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Intel 8086, ya ƙirƙiro hanyar bincike ta daban a 2001, wadda ke ba mutum damar nema da garin asali ko shekarar zuwa ko sautin suna. Da rubutun sunayen abin dogaro ne, da ba a buƙaci wannan wahalar ba.

Wannan kuskuren hannu ne da ido. Akwai wanda ya fi shi zurfi, wato dalilin da ya sa aka yi takardar tun farko. Dokar Amurka ta 1819 ce ta wajabta wa kyaftin ya miƙa wa kwastan jerin fasinjojinsa, aka fara aiki da ita a 1820, da 'yan tambayoyi kaɗan: suna, shekaru, jinsi, sana'a, ƙasa. Daga 1893 tambayoyin suka yi ta ƙaruwa har suka kai 29. Kowace tambaya kuma tarko ce. Dokar 1885 ta hana shigowar wanda aka riga aka ɗauka aikin kwantiragi daga waje, wata dokar kuma ta hana wanda ake jin zai zama nauyi a kan gwamnati. Baƙo yana tsaka mai wuya ke nan: in ya ce aiki na jiransa a mayar da shi, in ya nuna ba shi da abin yi a mayar da shi. Ana tambayarsa nawa ke aljihunsa, wa ya biya masa kuɗin jirgi, wurin wa zai sauka. Tun 1891 an haramta shigowar mai auren mace fiye da ɗaya, kuma bayan kisan Shugaba McKinley a 1901 aka ƙara da masu aƙidar rusa gwamnati a 1903. Duk wanda aka ƙi karɓa, kamfanin jirgin ne zai mayar da shi da kuɗinsa. Ashe da fasinja da kamfani bakinsu ɗaya: a rubuta amsar da za ta buɗe ƙofa. Kashi biyu cikin ɗari kawai aka mayar, kuma ban yi imani cewa sauran 98 ɗin duk gaskiya tsagwaronta suka faɗa ba. Uwa za ta rage wa yaro shekaru don a biya rabin kuɗi. Saurayin da ke gudun aikin soja a ƙasarsu zai zo da takardun ɗan'uwansa.

Wanda ya taɓa shiga motar haya a babbar tasha aka miƙo masa manifes ya san yadda ake cika irin wannan takarda. Wani ya sa laƙabi, wani ya ba na kusa da shi ya rubuta masa, wani ya sa lambar wayar da ya daina amfani da ita. Motar dai ta tashi da mutanen, wannan gaskiya ne, amma ba alƙalin da zai raba gado da takardar.

Ga kuma rikicin ƙasa da gari. Kafin 1918 babu Polan a taswira, don haka a gurbin ƙasa ɗan Polan zai fito a matsayin mutumin Rasha ko Ostiriya ko Jamus. Mutanen Siriya da Labanon an jingina su ga Turkiyya, don a ƙarƙashin sarkin Santambul suke. Birnin da akawun Jamus zai rubuta Lemberg, ɗan Polan Lwów yake ce masa, yau kuma Lviv ne a Yukiren. Jikan da tsohuwarsu ta ce masa su 'yan Polan ne, ya duba ya ga an rubuta Rasha, bisa ƙa'idar Malam sai ya ƙaryata tsohuwar, alhali ita ce da gaskiya.

Sannan kundin kansa cike yake da giɓi. Na Hamburg ya tsira, daga 1850 zuwa 1934, da sunaye kimanin miliyan 5. Na Bremen kuwa, wadda ta fi Hamburg fitar da mutane, tun 1875 aka fara yayyaga tsofaffin don ƙarancin wurin ajiya, yaƙin duniya na biyu ya cinye yawancin abin da ya rage, sai na 1920 zuwa 1939. Jerin masu fita daga Birtaniya daga 1890 ya fara. Waɗanda suka sauka a Kanada suka tsallaka iyaka ta ƙasa ba a fara rubuta su ba sai 1895. Niyok ma ba ita kaɗai ce ƙofa ba, akwai Boston da Baltimore da Philadelphia da New Orleans da Galveston. Rashin ganin suna a rumbu ɗaya bai tabbatar da komai ba sai cewa ba a gan shi a wannan rumbun ba.

Ganin sunan ma yana da nasa haɗarin, kuma a ganina ya fi rashin ganin ɓarna. Annie Moore ita ce mutum ta farko da aka tantance a Ellis, ranar 1 ga Janairun 1892, yarinya daga Cork ta ƙasar Ailan, tare da ƙannenta maza biyu a jirgin Nevada. An ba ta tsabar zinariya ta dala 10, daga baya aka yi mata mutum-mutumi a Ailan da kuma tsibirin. Shekaru da dama ana ba da labarin cewa ta yi yamma har Texas, can ta rasu. Sai a 2006 masu bin salsala, bisa jagorancin Megan Smolenyak, suka gano cewa wannan wata Annie Moore ce daban, haifaffiyar Illinois. Ta ainihin ba ta bar unguwar talakawan Manhattan ba, nan ta yi aure ta hayayyafa, ta rasu a 1924, kabarinta ba ko alama sai a 2008. Malam zai ce ai ga takarda ta yi nasara. To wace takardar? Kundin jirgin Nevada bai iya raba mata biyun ba, abin da ya ce kawai wata Annie Moore ta sauka. Sai da aka haɗa takardar zama ɗan ƙasa ta ƙanenta da takardun mutuwa da na binnewa, aka nemo zuriyarta. Idan mace mafi shahara a tarihin tsibirin za ta ɓace a bayan takwararta, ina ga wani Giuseppe ko Patrick da ke da takwarori ɗaruruwa? Mai nema ya gaji, ya ga suna ya yi kama, shekara ta yi kusa, sai ya liƙa shi a bishiyar zuriyarsa a intanet. Wani ya kwafa, na uku ya kwafa daga na biyu. Na goma in ya zo zai ga bishiyoyi tara sun yi ittifaƙi, ya ɗauka hujja ce. Masu ilimin ruwaya sun daɗe da sanin cewa hanyoyi tara da suka koma ga bakin mutum guda shaida ɗaya ce.

A gaɓar yammacin Amurka abin ya wuce kuskure, ya zama dabara. Dokar 1882 ta toshe wa leburorin Sin ƙofa, amma 'ya'yan ɗan ƙasa suna da izinin shiga. Da girgizar ƙasa da gobarar 1906 suka cinye takardun haihuwa na San Francisco, Sinawa da yawa suka ce a nan aka haife su, ba kuma mai iya ƙaryatawa. Mutum zai je gida ya dawo ya ce an haifa masa ɗa, ya sayar da gurbin ga wani yaro. Yaron zai haddace littafi guda na bayanan gidan da bai taɓa shiga ba, don a tsibirin Angel, wanda ya yi aiki daga 1910 zuwa 1940, sai a tambaye shi tagogi nawa ne a gidansu, ina ake ajiye shinkafa, wa ke zaune a gida na uku a layinsu. Su ake kira 'ya'yan takarda. Fayil ɗinsu cikakke ne, da hoto da hatimi da amsoshi shafi-shafi, kuma ƙage ne daga sama har ƙasa. Sunan zuriya na gaskiya a bakin tsofaffi ya zauna, wani lokaci kuma a kan dutsen kabari da rubutun Sinanci wanda jami'i ba ya iya karantawa. A irin wannan gida, wa za a auna da wa?

Amma babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutanen da maƙalar ba ta ko waiwaya ba. Ta yi magana kamar duk wanda ya ƙetare Tekun Atlantika fasinja ne. Kimanin mutum miliyan 12.5 aka loda a gaɓar Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka sauka da rai, kuma a takardar kaya aka rubuta su. Rumbun SlaveVoyages yana ɗauke da tafiye-tafiye kimanin 36,000. Za ka ga sunan jirgi, sunan kyaftin, sunan mai jirgi, tashar da aka yi lodi, adadin da aka ɗauka, adadin da suka mutu a hanya. Gurbin sunan mutanen ne babu. A ƙidayar Amurka ta 1850 da ta 1860 an jera bayi a ƙarƙashin sunan ubangijinsu da shekaru da jinsi da launin fata kawai, sai a 1870 yawancin baƙaƙen fata suka fara fitowa da sunayensu. A Birazil, inda aka fi kai bayi, an haramta cinikin a 1831 amma aka ci gaba da fasa-ƙwaurinsa har 1850, kuma ɗan fasa-ƙwauri ba ya ajiye rasit. A ƙarshen 1890 ministan kuɗi Rui Barbosa ya ba da umarnin ƙone takardun bauta da ke ma'aikatarsa, don toshe bakin tsofaffin iyayengiji masu neman diyya.

Wannan ɓangaren ya taɓa mu kai tsaye. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 sun tura kamammu da yawa daga ƙasar Hausa zuwa gaɓar teku, aka kwashe su zuwa Bahia. A 1807 hukumomin Salvador suka bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1814 suka tashi da gaske, a watan azumin 1835 kuma Musulmin birnin, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, suka yi boren da har yau ake nazarinsa. Ba ɗayansu da ke cikin kundin fasinja. Abin da muka sani na garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, wani sashe daga bakinsu ya fito, don ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu Hausawan ya yi musu tambayoyi ya buga amsoshin a 1851. Ji ne, ba gani ba, kuma ba don shi ba da mun rasa hatta wannan ɗin.

Ko kuma a ɗauki Mahommah Gardo Baquaqua, haifaffen Djougou a Jamhuriyar Benin ta yau, wanda ya ce mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. An kai shi Birazil bawa, ya iso Niyok a 1847 a jirgin Lembrança mai dakon kofi, ya tsere, aka buga tarihinsa a Detroit a 1854. Ga mutum ya sauka a tashar da ta fi kowace tasha kundi, amma a shari'ar da aka yi kan 'yancinsa José da Costa aka kira shi, da sunan kyaftin ɗin da ya mallake shi. Wanda zai buga sunan da uwarsa ta san shi da shi a rumbun fasinjoji zai tashi hannu rabbana.

Inda aka samu sunaye da yawa, sai a jiragen da sojan ruwan Birtaniya suka kama bayan haramta cinikin. A Freetown da Havana an rubuta waɗanda aka 'yanta, sama da mutum 90,000, da shekaru da tsawo, har da bayanin tsagar fuska. Taska ce mai daraja, sai dai ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na waɗanda aka loda ba. Sunayen ma akawun Bature ne ya rubuta yadda kunnensa ya ji, shi ya sa masu binciken suka koma neman masu jin harsunan Afirka su saurari sunan su faɗi daga ina ya fito. Takardar da kanta ta dawo tana roƙon kunne.

Jirgin Clotilda ya kai mutum 110 daga Ouidah zuwa Alabama a 1860, shekara 52 bayan Amurka ta haramta shigo da bayi. Kyaftin ɗin ya cinna masa wuta ya nutsar da shi don ɓoye laifi. Kwastan ba ta da jerin kowa. Waɗanda aka kawo suka kafa unguwarsu, Africatown, kusa da Mobile, suka riƙe labarin, ɗaya daga cikinsu, Cudjo Lewis, ya ba Zora Neale Hurston nasa da bakinsa kafin ya rasu a 1935. Sai a 2019 aka tabbatar da gano ɓaraguzan jirgin a cikin kogi. Da zuriyar nan ta bi shawarar Malam, da ta watsar da tarihinta tun kafin a haifi masu nutson da suka gano shi.

Ba cewa nake duk abin da tsohuwa ta faɗa wahayi ne ba. Labarin baka yana kumbura, yana haɗa mutum biyu su zama ɗaya, yana son sarauta da jarumta. Littafin Roots na Alex Haley, na 1976, ya girgiza duniya, amma masu bin salsala sun nuna cewa bawan da ya ce shi ne Kunta Kinte yana cikin takardun Virginia tun kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767. Labari yana buƙatar bincike. Kundin ma haka, tambayoyin kuma iri ɗaya ne: wa ya faɗa, wa ya rubuta, me yake tsoro, me zai samu.

Kada kuma a ɗauka wannan gardamar masu sha'awar tarihi ce kawai. An taɓa mayar da ƙa'idar Malam manufar gwamnati. Mutanen Karebiyan da suka shiga Birtaniya tun daga jirgin Empire Windrush a 1948 sun zo ne a matsayin talakawan daular, kuma dokar 1971 ta ba duk wanda ya zauna kafin 1973 izinin zama na dindindin, ba tare da an ba yawancinsu wata takardar shaida ba. Yara da yawa a kan fasfon iyayensu suka shigo. Kundin fasinjojin da ke ɗakin adana tarihi na Kew a 1960 ya tsaya, kuma na jiragen ruwa ne. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata dubban katunan sauka na waɗannan mutane. Bayan 'yan shekaru ita wannan ma'aikatar ta ce wa tsofaffin da suka shekara 50 a ƙasar su kawo hujjar zamansu a rubuce, shekara bayan shekara. Sun ba da labarinsu, sun faɗi makarantar da suka yi da unguwar da suka tashi, aka ce ba a gani a kundi ba. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu aka hana su magani a asibiti, aka tsare wasu, aka tasa ƙeyar gommai zuwa ƙasashen da rabonsu da su tun suna yara. Da asiri ya tonu a 2018 ministar cikin gida, Amber Rudd, ta yi murabus, aka kafa shirin biyan diyya, kuma akwai waɗanda suka rasu kafin kuɗin ya iso hannunsu.